Haƙoran da Kawu Labbo Ya Yi wa Inna

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Labbo ya san ba ya kallon idon mutum. Baki yake kallo. Kana yi masa ina kwana, shi kuwa ya karkata kai yana leƙen yadda haƙoranka na sama ke sauka kan na ƙasa, kamar mai neman ɓera a rami. In kai baƙo ne, sai ya zaro goro daga aljihu ya miƙa maka. Ka yi godiya, ka ciza. Kafin ka fara tauna ya miƙo hannu ya karɓe abinsa, ya ɗaga shi wajen haske yana nazarin shatin da ka bari. Nan zai gaya maka da wane gefe kake cin abinci, da kuma ko kana cizon haƙora cikin barci. Sannan ya sa wuƙa ya yanke wurin da bakinka ya taɓa ya ba ka, ya mayar da sauran aljihu. Wani abokin cinikina daga Aliero ya taɓa tambayarsa ko goron kyauta ne ko aro. Kawu ya ce babu ko ɗaya, gwaji ne.

Ni ɗan yayarsa ne, Ige, wadda dukanmu muke kira Inna. Tun da aka watse daga zaman makoki kuke cewa in rubuta abin da na sani game da shi. Zan faɗi abin da na gani da idona, kuma mafi yawansa ya shafi bakin mahaifiyata.

Kawu ba likita ba ne, kuma bai taɓa cewa shi likita ne ba. Ya yi shekarun aikinsa a wani asibitin gwamnati a Sakkwato, a ɗakin baya na sashen haƙori, inda ake haɗa haƙoran roba ga waɗanda nasu suka zube. Likitoci sun zo sun tafi a kansa, wasu daga ƙasashen waje, wasu 'yan gida. Kowanne ya zo da nasa ra'ayin kan yadda ya kamata haƙoran sama su haɗu da na ƙasa, kowanne kuma yana cewa wanda ya gabace shi bai gane ba. Kawu yana kiran waɗannan ra'ayoyi mazhabobi. Yana iya jero su daga na farko har na ƙarshe yadda malami ke jero malamansa. Yakan ce masana sun daɗe suna gardama a kan abin da jaki yake yi kullum ba tare da ya tambayi kowa ba.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida Jega Magaji, ya gyara wani ɗaki kusa da zaure. A ciki akwai kujera ɗaya, da magagari iri-iri, da kaki na ɗaukar shatin cizo, da farin siminti irin na ɗaurin karaya. Akwai kuma wani ƙarfe mai buɗewa da rufewa kamar muƙamuƙi, wanda yake ɗora haƙoran a kai yana gwadawa. Sunan ƙarfen Kada. In ka taɓa Kada ba da izini ba, kai da shayin Kawu sai wata shekara.

Akwai wata takarda shuɗiya da masu aikin nan ke sa wa mutum tsakanin haƙora ya ciza, don su ga inda ake haɗuwa da inda ba a haɗuwa. Kawu ya ce ba zai saye ta ba, ai takardar kabon ce aka canza wa suna. Don haka yakan bi motar albasata zuwa Maiyama, ya zaga wajen masu buga tafireta yana roƙon tsohon kabon da suka gama aiki da shi, ya dawo ya yayyanka siri-siri. Tana yin aikin, ba ƙarya. Sai dai tana zuba. Ranar kasuwa in ka ga dattijo da shuɗin leɓe, ba sai ka tambayi daga ina yake ba.

Wani manomi daga Jandutsi ya koma gida haka. Matarsa na ganinsa ta ɗora hannu a ka, ta ce an ba shi sammu, aka yi ta ɗura masa madara da rubutu har cikinsa ya ɓaci. Washegari ya zo yana faɗa. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Allah shi sawwaƙe. To shuɗin nan, dama da hagu daidai ya fito, ko gefe guda ya fi?"

Yanzu bari in zo kan Inna. Kun san guɗarta. In ta kama hanci da yatsu biyu ta rangaɗa, wanda ke bakin kasuwa ya san an fito da amarya. Ba sana'arta ba ce, baiwa ce, kuma babu bikin dangi da ake ƙirgawa ya cika in ba a ji ta ba. Ranar sunan ɗiyata Nana, ta ɗauke ta ta ce in Allah ya kai mu, ita za ta yi mata guɗar fita. Nana ta tashi da wannan magana a kunnenta.

Sai ciwon dasashi ya kama Inna, haƙoranta suka dinga zubewa har aka cire sauran. Duk gida muna jaje. Kawu ma ya zo jaje, amma na lura yana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi a cikin gemu. Ya samu baki fanko, babu ko haƙori ɗaya da zai yi masa gardama, kuma na 'yar'uwarsa ne.

Ga waɗanda ba su sani ba, Inna da Kawu ba sa iya zama a tabarma ɗaya ba a tayar da maganar akuya ba. Wata ja ce da mahaifinsu ya kawo gida suna yara. Inna ta ce ita aka ba, Kawu ya ce shi aka ba. Akuyar ta mutu tun kafin a haife ni, amma ban san wata dabba da aka fi yi wa shari'a kamarta ba. Inna ta fi shi baki, don haka tun tasowarsu ita ke rufe zancen.

Ranar farko da ta zauna a kujerarsa ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗumama kaki, ya sa mata a baki, ya ce ta ciza a hankali kuma kada ta motsa harshe sai ya sandare. Tana rufe baki sai ya gyara tsayuwa, ya fara bayani dalla-dalla kan yadda mahaifinsu ya miƙa masa igiyar akuyar a hannunsa na dama, gaban shaidu. Inna ba damar magana. Idonta ya yi ja, jijiyar wuyanta ta tashi, shi kuwa bai tsaya ba sai da kakin ya yi tauri. Ya ce mini daga baya bai taɓa jin daɗin aikin nan kamar ranar ba.

Ya ce zai fara da mazhabar farko, ta wani tsohon Bature da ya ce muƙamuƙi kamar murhu yake, duwatsu uku ne: gaɓar dama, gaɓar hagu, da tsakiyar haƙoran gaba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce. In ka daidaita ukun nan, tukunya ta zauna. Na tambaye shi me zai hana ya fara da ra'ayin ƙarshe, tun da shi ne sabo. Ya dube ni kamar na ce a fara gini daga rufi. Ya ce ilimi tsari gare shi, ba a tsallake babban malami a tafi wurin ƙarami, rashin ladabi ne.

Haƙoran sun yi kyau ƙwarai. Inna ta sa su ta tafi bikin 'yar ƙawarta a Maiyama. Aka fito da amarya, mata suka buɗe mata fili, ta kama hanci, ta ja numfashi. Guɗar ba ta kai rabi ba na ƙasan suka yi tsalle suka faɗa cikin kwanon alkakin dangin ango. Matan da suka ba ni labari sun ce ba wadda ta yi dariya a lokacin, sai da suka isa gida. Inna ta sunkuya ta ɗauki abinta, ta ƙulle a bakin mayafi, ta fito ta hau kabu-kabu ba ta yi wa kowa sallama ba.

Da labari ya iso wa Kawu, bai ce sannu ba. Ya tambaya na sama ne ko na ƙasa, kuma gaba suka nufa ko gefe. Da aka gaya masa, ya gyaɗa kai ya ce lalle tsohon Baturen nan ya yi kuskure, dama an faɗa.

Da ƙyar na lallashe ta ta koma. Wannan karon mazhabar ƙwarya ce. Masu ita sun ce haƙoran ƙasa a jere suke kamar an ɗora musu gindin ƙwarya, kowanne yana taɓa ta, saboda haka duk inda muƙamuƙi ya juya dole dama da hagu su taɓa tare. Kawu har ƙaramar ƙwaryar fura ya aro yana gwadawa. Aka sake ɗumama kaki, aka sake rufe bakin Inna, aka sake jin tarihin akuya, wannan karon har da launin kunnenta. Haƙoran da suka fito suna ƙara in tana cin abinci, ƙwas-ƙwas, kamar doki a kan kwalta. Ta rufe ɗakinta ta gwada guɗa a hankali, muka ji wani abu ya bugi langa, muka yi kamar ba mu ji ba.

Na uku su ne na fiƙa. Waɗannan masana sun ce waɗanda suka gabace su duk sun ɓata: fiƙoƙi ne jagora, su ya kamata su fara taɓawa in an juya baki gefe, su ɗage sauran. Kawu ya ɗauki maganar da zafi, ya ƙara musu tsawo don kada a yi shakka. Inna ta sa, ta juyo ta yi wa jikokinta murmushi. Tsakar gida ta watse, har kaji. Ba ta iya ci da su ba, amma su kaɗai ne ba ta mayar masa ba. Ta ajiye su a gwangwani a kan taga. Yaron da ya ƙi wanka, sai ta ce, "In ɗauko na Labbo?" Shi ke nan.

Na huɗu ba su ma kai ga zama haƙora ba. Mazhabar ta ce mai aiki ya kama haɓar mutum ya tura ta baya har iyakarta kafin a ciza, can ne wurin zamanta na gaskiya. Kawu ya kama haɓar Inna ya tura. Inna ba ta taɓa barin ƙanenta ya tura ta ko'ina ba, don haka ta turo gaba. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙara. Ya ce, "Yaya, saki mana." Ta saki, amma a kan babban yatsansa. Ya yi kwanaki yana yawo da yatsa a naɗe yana nuna wa mutane, yana cewa da dasashi kaɗai ta yi wannan, Allah ya so duniya da rahama. Ita kuwa ta rantse ita da kujerar nan har abada.

Muna dariya, amma abin ya daina zama na dariya. Inna ta bar zuwa biki. In an aiko goron gayyata sai ta ce ƙafa ke ciwo. In abin dariya ya kama ta, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ko a cikin gida. Macen da muryarta ke cika unguwa ta koma magana ƙasa-ƙasa.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Nana, bayan an kwashe albasa. Inna ta kira matata ta ce a nemi wata ta yi guɗar, akwai wata mata a bayan masallaci da ba ta da laifi. Nana na jin ta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Na je wa Inna da maganar, ta ce ba za ta zubar da haƙora a kwanon surukan jikarta ba, kuma ba za ta wage baki fanko gaban baƙi ba. Ta ce in bar zancen, na bari.

A lokacin ne Kawu ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, ko zuwa masallaci sai an riƙe shi. Likita ya gaya mana abin da ya gaya mana. Wata rana bayan la'asar na raka Inna ta kai masa kunu. Ta zauna a bakin gadonsa tana fifita shi, tana ba shi da ludayi. Ban taɓa ganinsu tare haka shiru ba.

Da ya sha abin da zai iya, ya ce yana da roƙo guda. Roƙon shi ne ta bar shi ya sake ɗaukar shati, ko sau ɗaya. Na ɗauka za ta tashi. Sai ta ce mini in ɗumama masa kakin. Daga baya ta gaya mini ba don tana sa ran wani abu ba ne, don kada ya tafi da abin a ransa ne.

Na ɗumama, na tallafe shi ya zauna. Ya sa mata kakin. Na ga ya buɗe baki zai fara, amma numfashi bai ba shi dama ba, sai haki. Inna ta zauna tana dubansa, idonta ya ciko, bakinta ya rufu a hankali ba ta ma san ta rufe ba.

Ya cire kakin ya daɗe yana kallo. Ya ce in kawo masa Kada, da tsofaffin shatin bakin Inna da ya zuba da farin siminti ya jera a kan kanta. Ya ɗora wannan ya cire, ya ɗora wancan. Ko ni da ban san aikin ba na ga bambancin. A duk na da, muƙamuƙin ƙasa ya turo gaba. A na yau ya koma baya ya zauna.

Ya ce, "Yaya, ashe duk wanga lokaci haƙoran masifa nike yi miki. In kin huce sai su rasa wurin zama."

Ta ce, "Wa ke kawo masifar?"

Ya ɗan huta, ya tara numfashi, ya kafa mata ido a haɓa, sannan ya ce a hankali, "Akuyar dai tawa ce." Nan take haɓar Inna ta turo gaba kamar aljihun tebur. Ya juyo gare ni fuskarsa cike da murna, ya ce, "Ka gani?"

Inna ta ɗaga maficin kamar za ta kwaɗa masa, sai dariya ta ƙwace mata, ta manta ba ta rufe baki ba.

A kan gado ya haɗa sababbin haƙoran, an jingina shi da matasai, Kada a kan cinyarsa. Ya goga kaɗan ya huta, ya goga kaɗan ya huta. Da farko ya ce wannan mazhabarsa ce shi kaɗai, a rubuta sunansa. Daga baya ya amsa mini cewa likitan ƙarshe da ya yi aiki da shi ya sha faɗin irin wannan: a bar mutum ya natsu, kada a tura shi, muƙamuƙi ya san gidansa. Na ce to me ya hana shi ji? Ya ce yaro ne, ko gemu bai tsayar ba.

Inna ta karɓi haƙoran ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ci tuwo da su, ta ci nama. Guɗa kuwa ko a ɗaki ba mu ji ta gwada ba, kuma ba ta ce a sallami matar bayan masallaci ba.

Ranar kai amarya Kawu ya dage sai an kawo shi. Muka ɗauko shi a kujera muka ajiye a zaurena tare da dattawa. Gab da magariba aka ce za a fito da Nana. Matar bayan masallaci ta yi tata guɗar, gajera, ba laifi. Kawu ya sunkuyar da kai. Na ji mata sun fara matsowa wajen ƙofa, na ce a raina shi ke nan.

Sai wata guɗa ta tashi daga can tsakar gida. Babu wanda ya tambayi ko ta wace ce. Ta yi sama, ta daɗe tana rawa a can, har tattabarun maƙwabta suka tashi. Da ta sauka, gidan ya yi tsit. Kawu ya ɗaga hannu kada kowa ya yi magana, ya kasa kunne yana jiran ƙarar wani abu a cikin kwano. Ba a ji komai ba. Sai ta biyu ta biyo, ta fi ta farko tsawo, a cikinta na ji kukan Nana da shewar mata.

Kawu ya share fuska da hannun riga. Ya ce laifin gidana ne, ko'ina albasa, a mayar da shi gida ya gaji. Bai sake fita ba. Ya cika kafin ruwan farko ya sauka, da safe, Inna na riƙe da hannunsa.

Haƙoran suna bakinta har yau, kuma ga abin da ya bar mana. Tun da a kan natsattsen baki aka auna su, ba sa zama sai tana cikin natsuwa. Da ta fara yi wa wani faɗa haɓarta ta turo, sai su fara rawa, dole ta tsaya ta yi salati ta huce kafin ta ci gaba. In ta huce kuwa, yawanci ta manta inda ta tsaya. Jikoki sun gane wannan tuni. Kwanan baya ta so ta yi mini faɗa kan wani buhu da na bari a rana, ta fara, ta tsaya, ta danna su da yatsa. Ta juya tana kallon ƙofar gida. Sannan ta ce, "Ka ga Labbo ko? Ya tafi, ya bar mini linzami." Ta ja mayafi ta rufe fuska, wannan karon ba don baki ba.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Duk lomar da wani tsoho ya tauna da aikin hannunsa, Allah ya sa ta a mizaninsa. Ya ba Inna haƙurin rashin abokin gardamarta, ya haɗa su a inda babu ciwo. Amin.